Shagon Kawu da Jerin Google

Kawuna baduku ne a unguwar Birni, ba nisa sosai da fadar Sarkin Damagaram, kuma ya fi shekara talatin yana ɗinka jakunkuna da alabe da takalma da tumtum da fatar akuya da ta tunkiya. A da, masu sayen kayansa baƙi ne da ke zuwa kallon tsohon gari, da ma'aikatan da ke saya su kai tsaraba Yamai, amma da ƙafar baƙi ta ɗauke a ƴan shekarun nan, sai ciniki ya ja baya ƙwarai. Ni na ba shi shawarar a buɗe masa shafi a intanet, ni kuma na zauna na haɗa shafin, na ɗora hotuna, na sa lambar waya. Ranar da na kai masa, ya karɓi wayar ya duba, ya yi murna, ya sa mini albarka, sannan ya miƙo mini ita ya ce: "To ɗana, wanda bai san sunana ba fa, yana can Agadas ko Kano, ta yaya zai iske wannan?" Na ce, "Kawu, Google zai tambaya." Ya ce in tambaya mu gani. Na rubuta "jakar fata Damagaram", na sake rubutawa da Faransanci, na bi sakamakon tun daga sama har inda ya ƙare, babu mu babu alamarmu.

Ba ni da amsar da zan ba shi a ranar, kuma abin ya yi mini nauyi, domin mutum ne da ya yarda da ni, ya cire kuɗin sayen sunan shafin daga cikin ɗan abin da ke hannunsa. Daga nan na shiga karatu da gwaji. Na bi bayanan da kamfanin Google ke wallafawa da kansa domin masu shafuka, na kuma riƙa tambayar wasu ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka fi ni sanin kwamfuta. Abin da ake taƙaitawa da SEO a Turanci, masu Faransanci kuma suke ce masa référencement, ma'anarsa dai a gyara shafi yadda injin bincike zai gan shi, ya fahimci abin da ke cikinsa, ya kuma yarda ya sa shi gaba. Na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta da Hausa, saboda ina ganin ƴan kasuwarmu da makarantunmu da ƙungiyoyinmu suna kashe kuɗi a kan shafuka, sannan shafukan su zauna kamar shagon da aka gina a ƙuryar lungu ba a fitar masa da ƙofa ba. Google zan fi ambata, tunda kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a duniya ta wurinsa ake yi, shi ne kuma ke zuwa a kan wayoyin Android da ke hannun yawancinmu. Bing na kamfanin Microsoft da sauransu ba su yi nisa da shi ba a hanyar aiki.

Abu na farko da ya warware mini kai shi ne sanin cewa a lokacin da mutum ya rubuta tambaya, Google ba ya fita yawon neman amsa a cikin intanet. Yawon an riga an yi shi tun da farko. Kamfanin yana da wata manhaja mai suna Googlebot wadda ba ta da aiki dare da rana sai ta buɗe shafi, ta karanta abin da ke ciki, ta bi duk mahaɗin da ta tarar, wato wurin da ake latsawa a tsallaka zuwa wani shafin, daga can ma ta wuce gaba, kamar gizo-gizo yana bin zaren saƙarsa. Abin da ta karanto ana tace shi a zuba a wani babban rumbu, kuma daga rumbun nan ake ɗebo amsa a jera wa mai tambaya kafin ya ɗaga yatsansa daga kan waya. Ke nan sai an zo an ga shafinka, sai an ajiye shi a rumbu, sannan ne za a auna shi da sauran shafukan da ke magana a kan abu ɗaya da shi. Yawancin mutane awon suke yi wa gaggawa, alhali tun a bakin ƙofa aka bar su.

Mu ma a nan muka maƙale. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: mutum ya rubuta site: a akwatin bincike, ya liƙa masa sunan shafinsa ba tare da tazara ba, sai Google ya nuna masa abin da ya ajiye daga wannan shafin. Da na gwada, ko ɗaya bai fito ba. Na yi kwana biyu ina bincike kafin in gano dalili. A manhajar WordPress da na gina shafin da ita akwai wani ɗan akwati da ake cikewa idan ana so a roƙi injunan bincike kada su ajiye shafin, kuma ni da hannuna na cike shi lokacin da nake cikin aikin gini, don kada a ga abin da bai kammala ba, sannan na manta ban cire ba. Na cire, na yi rajistar shafin a Google Search Console, wanda kyauta ne ga duk mai shafi, na kuma miƙa taswirar shafin, wato ɗan kundin da ke lissafa dukan adireshin da ke ciki. Bayan ƴan kwanaki muka shiga rumbu. Duk wanda ya biya aka gina masa shafi, ina ba shi shawara ya nemi a buɗe masa wannan rajistar da adireshin imel ɗinsa shi kansa, domin a nan ne zai ga kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuno musu shafinsa, da matsayin da ya fito, da kuma adadin waɗanda suka latsa suka shigo.

Shiga rumbu daban, fitowa a sama daban. A nan ne na tarar da abin da ya fi burge ni a dukan lamarin. Kafin Google, injunan bincike sun fi dogara da ƙidayar kalmomi: shafin da ya fi maimaita kalmar da aka nema shi ke samun gaba, kuma wannan ya sa maguɗi ya yi sauƙi. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a 1998 suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, sun zo da wani ma'auni da suka kira PageRank. Suka ce duk lokacin da wani shafi ya sa mahaɗi zuwa wani, to kamar ya yi masa shaida ne, kuma shaida ba ɗaya ba ce. Shaidar shafin da shi kansa mutane da yawa suka yi wa shaida ta fi nauyi, sannan nauyin nan rabuwa yake tsakanin duk waɗanda ya nuna, ta yadda mai nuna kowa da kowa shaidarsa ba ta da wani auki.

Da na yi wa Kawu wannan bayanin, bai ɗauki lokaci ba ya gane, har ya riga ni kawo misali. Ya ce haka ake yi a Zango tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka daga Agadas da bayan Sahara, lokacin Sarki Tanimun. Baƙon falke ba ya samun lamuni don ya yi ta faɗin cewa shi mai gaskiya ne. Fatomansa, mai masaukin da gari ya sani, shi ke tsaya masa, kuma kalma ɗaya daga bakin dattijon da ba ya yabon kowa ta fi ta mutum goma da ba a san asalinsu ba. Ya ce, "Ashe dai shaida ce, ɗana. Turawan ma ba su wuce nan ba." Yau ma'aunan Google sun yi yawa ƙwarai, PageRank ɗaya ne kawai daga cikinsu, amma har yanzu mahaɗai suna cikin abubuwan da ake dubawa, kuma wanda ya riƙe misalin fatoma ba zai ɓata ba wajen rarrabe mahaɗin kirki da na banza.

Da na riƙe misalin nan tun farko, da ban yi asarar da na yi ba. A makonnin da nake cikin damuwa, wani mutum da ke tallata kansa a kafofin sada zumunta ya yi mini alkawarin cewa cikin mako ɗaya zai kai mu na ɗaya, ta hanyar samo mana mahaɗai ɗaruruwa. Na tura masa jikka talatin daga aljihuna ban gaya wa Kawu ba. Mahaɗan sun zo kuwa, amma daga shafukan da babu mai karanta su, cikin harsunan da ba su da alaƙa da mu, wasu na caca, wasu kuma tarin sharhi ne da aka watsa a ƙarƙashin rubuce-rubucen mutane. Matsayinmu bai motsa ba ko taki ɗaya. Daga baya na fahimci cewa tun 2005 aka fito da wata alama da masu shafuka ke sa wa mahaɗan da ke cikin sharhi don kada a ƙidaya su a matsayin shaida, kuma a 2012 Google ya yi wa tsarin awonsa gyaran da aka sani da Penguin musamman don maganin masu saye da sayar da mahaɗai. Abin da aka fi yi yanzu shi ne a yi watsi da irin waɗannan mahaɗan kamar babu su, idan kuma abin ya yi ƙamari a hukunta shafin a mayar da shi baya. Shaidar zur ce na saya, kuma an gane ta.

Kamfanin da kansa yana gargaɗi cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma akwai dalili bayyananne. Jerin ba ɗaya ba ne ga kowa. Abin da mai waya a Sabon Gari zai gani ya bambanta da na wanda ke Maraɗi ko Faransa, saboda ana la'akari da inda mutum yake da harshen da wayarsa ke kai. Wurin da kuɗi ke saya a fili shi ne na talla, wato sakamakon da ke fitowa a can sama da ƴar alamar da ke nuna cewa biya aka yi, kuma ranar da kuɗin suka ƙare ranar tallar ke ɓacewa. Wannan halal ne ga mai hali, amma ba ya ɗaga shafi a cikin jerin da ke ƙasa.

Mahaɗan da suka amfane mu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba mu biya ko dala a kansu ba. Wata ƙungiyar masu sana'ar hannu ta sa mu a cikin jerin mambobinta. Wani mai rubutu da Faransanci a kan al'adun Nijar ya zo shagon, ya zauna da Kawu rabin yini, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma nuna shafinmu da kalmomin da suka bayyana sana'ar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin kalmomin da aka ɗaura mahaɗi a kansu suna gaya wa injin abin da ke can ɗaya gefen, saboda haka "badukun Birnin Damagaram" ya fi "latsa nan" amfani nesa ba kusa ba.

Amma babu wanda zai nuna shafin da babu komai a cikinsa, kuma namu a lokacin hotuna ne kawai da farashi. Wannan shi ne ainihin ciwon, shi ne kuma na fi daɗewa ban gane ba. Mai bincike tambaya yake ɗauke da ita, injin kuma yana neman shafin da ya fi amsa ta. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi don jan hankalin injuna. A 2011 gyaran Panda ya rage darajar shafukan da ba su da nama, waɗanda aka cika da rubutun kwafe ko surutu marar amfani. Gyaran Hummingbird a 2013 da na BERT a 2019 sun ƙara wa injin fahimtar jumla gaba ɗayanta maimakon tsintar kalmomi ɗai-ɗai, sannan a 2022 aka ƙara matsa lamba a kan rubutun da aka yi don injin ba don mutum ba. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma kamfanin ya ƙara gogewa, wato mai rubutu ya kasance ya taɓa abin da hannunsa, a cikin siffofin da masu tantance ingancin sakamakonsa ke dubawa, tare da ƙwarewa da shahara da amana. Duk wanda ya bi waɗannan gyare-gyare a jere zai ga gefe ɗaya suka fuskanta: ana ta toshe hanyoyin wayo, ana buɗe wa wanda ya san abin da yake faɗa.

To wa ya fi Kawu sanin fata? Sai na fara zuwa shagon bayan la'asar, in ajiye waya tana ɗaukar murya, in yi masa tambayoyin da masu saye suka saba yi masa. Ya yi bayanin yadda majema ke jiƙa fata su cire gashi, yadda ake jima da bagaruwa, da yadda ake samo jan launin nan daga karan dafi. Ya faɗi yadda mutum zai rarrabe fatar gaske da roba ta wurin wari da bayanta da yadda take karɓar lanƙwasa. Ya faɗi abin da ke sa jaka ta yi fumfuna da damina da yadda ake ajiye ta, da abin da ke sa takalmi ya tsattsage a lokacin hunturu idan ba a shafa masa mai ba. Ni kuma in koma gida in rubuta, kowace tambaya da shafinta, da hoton hannunsa yana aikin, da sunan unguwa, ba tare da na ƙara gishiri ba. Da farko ya yi ɗari-ɗari, ya ce mini, "Ɗana, sirrin sana'a ne fa kake watsawa." Na ce, "Kawu, wanda ya karanta ba zai iya ɗinkin ba, amma zai san wurin wanda ya iya." Ya yi shiru, sannan ya ce in ci gaba.

Waɗannan shafukan ne suka fara fitowa, tun kafin shafin farko mai farashi ya motsa. Abin da na gani a Search Console ya koya mini cewa mutane ba sa tambaya yadda muke zato. Ba su cika rubuta kalma ɗaya ba, dogayen tambayoyi suke yi irin na baki da baki, kuma a kan irin waɗannan ƙaramin shafi yake iya shiga gaban babba. Google ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da yake samu kowace rana bai taɓa ganin irinsu ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa filin bai cika ba.

Ga mai rubutu da Hausa kuwa, filin kusan fayau yake, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai, shi ne kuma ya fi ba ni fata. Duk wanda ya saba bincike da Hausa ya san abin da ke fitowa: labaran BBC Hausa da RFI da DW da Muryar Amurka da jaridar Aminiya, sai Wikipedia ta Hausa, sai kuma tarin shafukan waƙoƙi da finafinai. Waɗannan sun yi ƙoƙari, amma labarai suka fi kawowa. Idan manomi daga Mirya ko Magarya ya nemi yadda ake adana wake kada ya yi ƙwari, ko mace ta nemi yadda ake alkaki irin na Damagaram, ko matashi ya nemi takardun da ake buƙata wajen buɗe ƙaramar sana'a a Nijar, sau da yawa abin da zai samu kaɗan ne, ko kuma na wata ƙasa ne da dokokinta da kuɗinta. Wanda ke rubutu da Faransanci yana gasa da shafukan Faransa da Kanada da Senegal da Kodebuwa, amma wanda ya rubuta amsa mai kyau da Hausa a kan abin da ya sani, sau da yawa shi kaɗai ne a layin. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Na yi farin ciki da wannan, sai dai doka ba ta cika rumbun Google, masu rubutu ne ke cika shi, kuma idan ba mu rubuta ba babu abin da za a ɗebo wa ƴaƴanmu.

Rubutun Hausa yana da nasa matsalolin da littattafan Turawa ba su ambata ba. Yawancin mutane ba sa sa haruffa masu lanƙwasa a waya, suna rubuta kasa a wurin ƙasa, daki a wurin ɗaki, bata a wurin ɓata. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna rubuta 'y. Garin namu ma suna biyu gare shi, Zinder a takardun hukuma da taswira, Damagaram a bakin mutane. Ra'ayina shi ne kada mu lalata rubutunmu don neman matsayi. Ina rubuta Hausa da ƙa'idarta, ina ambaton sunayen garin duka biyu inda magana ta kawo su, adireshin shafukan kuma ina barinsu da haruffa marasa lanƙwasa don su yi sauƙin bugawa da turawa. Game da harsuna biyu, na daina cakuɗa Hausa da Faransanci a shafi ɗaya. Kowane harshe da nasa shafin da nasa adireshin, da mahaɗi tsakaninsu, kamar yadda Google ke ba da shawara. Ban kuma yarda a zuba Faransanci a injin fassara a kwafo Hausar a liƙa ba tare da mutum ya gyara ba, domin Bahaushe yana jin ƙamshin irin wannan rubutun tun a jumlar farko, kuma ba ya dawowa.

Akwai ƙananan gyare-gyare da ba sa cin kuɗi. Kowane shafi ya samu kanunsa na kansa da ke faɗin abin da ke ciki a taƙaice, tunda shi ne layin da mai bincike ke fara gani. Ɗan bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin kanun ba ya ɗaga matsayi kai tsaye, amma yana iya sa mutum ya zaɓe ka ya bar na sama da kai. Kowane hoto a rubuta masa bayanin abin da ke cikinsa, wanda ke taimakon injin, yana kuma taimakon makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Sauri kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garinmu. Tun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a kan waya, daga baya kuma ya koma duba siffar shafi ta waya ita ce ta farko wajen ajiya da awo. A ma'aunin da ya fitar, ana son babban abin da ke cikin shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hotunan da na fara ɗorawa kai tsaye daga kyamara suke, kowanne da nauyin mega da yawa, kuma ban lura ba sai ranar da na gwada buɗe shafin a hanyar Tanut inda rezo ba shi da ƙarfi, na ga allon ya tsaya fari. Na rage girman hotunan duka, na cire bidiyon da ke kunna kansa. Ko da Google bai auna wannan ba, ya kamata mu auna shi, domin mai shigowa da kuɗinsa ya sayi megar da muke cinye masa. Haka nan makullin tsaro na HTTPS, wanda kamfanin ya sanar a 2014 cewa yana cikin abin da yake dubawa, yanzu ana samun takardarsa kyauta daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt, saboda haka babu dalilin da zai sa a bar shafi ba shi.

Ga mai shago, taswira tana iya fin shafin kansa kawo ciniki. Idan mutum ya nemi abu a kusa da shi, Google yakan nuna wurare a kan Google Maps kafin sauran sakamako, kuma ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa a nan: dacewar wurin da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma yadda aka san shi. Rajistar kyauta ce. Wahalar da muka sha ita ce ta kwatance, domin lungunan Birni ba su da lambobin da baƙo zai bi, sai da na tsaya a ƙofar shagon na dasa alamar da hannuna, na sa hoton ƙofar da na bangon da ke kallonta, na rubuta lokutan buɗewa na gaskiya har da rufewar ranar Juma'a da rana. Muna roƙon wanda ya saya ya ji daɗi ya rubuta ra'ayinsa. Wani ya ba ni shawarar in sa abokai su rubuta yabo ba su sayi komai ba, Kawu ya ji, ya ce ba da sunansa ba. Dokar Google ma ta hana, amma shi ba don ita ya ƙi ba.

Na san da yawa za su ce WhatsApp da Facebook sun ishe su, kuma gaskiya ne a nan cinikin yau da kullum yake. Mu ma a WhatsApp ake ƙarasa magana a tura kuɗi. Sai dai abin da aka sa a status na WhatsApp yana gogewa bayan awa 24, saƙon murya da hirar rukunin da aka rufe kuma Googlebot ba ya isa gare su. Waɗannan kafofin suna riƙe maka wanda ya riga ya san ka. Tambayar Kawu kuwa a kan wanda bai san shi ba ce.

Abin da ke damuna yanzu shi ne sauyin da ya fara a 2024, lokacin da Google ya soma sa taƙaitacciyar amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, ta yadda mutum zai iya samun abin da yake nema bai shiga shafin kowa ba. Masu shafuka a ƙasashe da yawa suna kukan raguwar masu ziyara, kuma ina ganin kukansu yana da tushe. Ga mai rayuwa da tallar da ke cikin shafinsa, wannan barazana ce ta gaske. Ga irin Kawu abin ya ɗan yi sauƙi, domin na'ura tana iya taƙaita bayanin jima, amma mai son jaka dole ya nemi mai ɗinka ta, kuma amsoshin nan ma daga rubutun da mutane suka wallafa ake haɗa su.

Sai da muka yi wata da watanni kafin wayar farko ta shigo daga wanda ba mu sani ba. Wata hajiya ce daga Agadas, ta ce ta nemi yadda ake gane fatar gaske ne saboda an taɓa sayar mata da roba, ta karanta bayanin Kawu, ta ga hoton hannunsa, shi ya sa ta kira. Ta yi odar tumtum huɗu na ɗakin ƴarta da za a aurar. Har yau ba mu ne na ɗaya ba a kan "jakar fata", kuma akwai tambayoyin da shafukan Kano suke gabanmu, amma a kan waɗanda suka shafi Damagaram da kula da fata muna fitowa inda ido ke kaiwa. Yanzu Kawu ne ke tuna mini da ɗaukar murya. Makon jiya ya ce akwai maganar kube da linzami da kayan dokin hawan salla da bai yi ba tukuna, kuma yana so a haɗa da wani tsohon abokin sana'arsa da ya fi shi sanin sirdi. Ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar, tunda Alhamis yana Kasuwar Dole, Juma'a kuma ba ya zama.